Gyaran Injin Jirgin Ruwa Da Hannun Mai Shi: Wajibi Ne Ko Karambani?

Tun lokacin da aka datse kogin Kwara a Kainji a shekarar 1968, ruwa ya taru ya cinye tsohuwar Bussa da ƙauyuka masu yawa na ƙasar Borgu da Yawuri, har ya zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 130, filafili da gwangwala suka daina isar mai jirgi, domin nisan da ke tsakanin gaɓa da gaɓa a tsakiyar tafkin ya wuce abin da damtsen ɗan Adam zai tuƙa da lodin buhuna da mata da yara kafin iska ta taso. Saboda haka injin nan da ake ratayawa a gindin jirgi, wanda wani mutumin Amurka ɗan asalin Norway mai suna Ole Evinrude ya yi suna da ƙera shi tun 1909, daga baya kuma kamfanonin Japan irin su Yamaha da Suzuki da Tohatsu suka mamaye kasuwarsa a ƙasashenmu, shi ne yau jarin masunci, shi ne ke kai mai cin kasuwa Wara ko Malale, shi ne kuma ke ɗauko mai naƙuda daga tsibiri zuwa asibiti. Haka al'amarin yake a Baga bakin tafkin Chadi, da Gaya ta ƙasar Nijar, da Yeji bakin tafkin Volta a Ghana, inda 'yan'uwanmu suka daɗe suna neman halaliyarsu a kan ruwa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami wata 'yar ƙaramar mas'ala ce wadda masu jirage da yawa suke rainawa, alhali kuwa tana cikin manyan sabuban da ke kashe musu inji: yoyon man giya ta wajen robar da makanikai ke kira sil. Ra'ayina, wanda zan kafa wa hujja gwargwadon iko, shi ne duba wannan mai da sauya sil ɗin bayan farfela aiki ne da ya wajaba kowane mai jirgi ya iya da hannunsa, kamar yadda ya iya haɗa fetur da baƙin mai. Wanda kuwa yake ɗaukar rayukan bayin Allah a jirginsa bai kuma san launin man giyarsa ba, to, akwai saura a cikar amanarsa.

Sai mu fara da sanin yadda abin yake, don ba a hukunci a kan abin da ba a sani ba. Injin yana sama, a waje da ruwa, amma ƙarfinsa yana gangarowa ta wani dogon ƙarfe da ke tsaye cikin ƙafar injin, ya isa wani ɗan akwati da ke nutse cikin ruwa, inda haƙoran giya suke karɓar juyin nan su karkata shi zuwa ga ƙarfen da farfela ke kai. Injin Yamaha mai ƙarfin doki 40, irin wanda ya cika mashigan jiragenmu, idan an sake masa wuta yana juyi sau 4,500 zuwa 5,500 a minti ɗaya, farfela kuma tana yin kusan rabin haka; duk wannan gurzar ƙarfe da ƙarfe kuwa abin da ke hana ta zama ɓarna shi ne man giya da bai kai rabin lita ba, a ƙaramin inji mai doki 15 ma rubu'in lita ne. Man nan yana zaune ne cikin ruwa tun safe har dare, ba abin da ya raba shi da kogi sai waɗansu 'yan zobban roba: biyu a bayan farfela, waɗansu a sama ƙarƙashin famfon da ke jawo ruwan sanyaya inji, ɗaya a wajen sandar sa giya, sai kuma 'yan washa guda biyu da ke ƙarƙashin ƙusoshin zuba mai da juye shi. Idan inji ya yi aiki akwatin ya ɗumama, iskar da ke ciki takan kumbura ta tura mai waje ta duk inda ta sami kafa, idan kuma aka tsaya ya huce sai ya tsotso ruwa ta wannan kafar. Haka za a yi ta yi kullum, mai na raguwa ruwa na ƙaruwa, mai jirgi bai ji wata ƙara ba, bai ga hayaƙi ba, har ranar da boris zai yi tsatsa haƙoran giya su cinye juna.

To, me ke yanka robar nan? A ruwayenmu babban mai laifi shi ne zaren koma da na fatsa. A da, lokacin da ake saƙa taru da zaren auduga ko na rama, abin da ya tsinke ya zauna a ruwa yakan ruɓe. Amma zaren roba na zamani, wanda ake kalli da mamari da shi, ba ya ruɓewa, kuma tafkin cike yake da guntayensa, waɗansu a maƙale jikin kututturan itatuwan da ruwa ya binne, waɗansu suna yawo tare da ciyawa. Farfela takan nannaɗe shi, ya shige bayanta inda ido ba ya kaiwa, zafin juyi ya narkar da shi ya zama wani ƙulli mai tauri, ya yi ta gurzar leɓen sil har ya tsaga shi. Matuƙi ya ɗaga inji, ya ciccire abin da ya gani a kan fukafukan farfela, ya ce alhamdu lillahi an rabu da shi, alhali wanda ke ɓarnar yana ciki. Ba a ganinsa sai an kwance farfela ɗungum, aikin da bai kamata mako ya wuce ba a yi shi ba ga mai aiki inda ake kafa koma. Bayan zare sai yashi da laka, musamman ga masu shiga da inji cikin ruwa marar zurfi da rani, sai kuma tsufa, don roba ko ba a taɓa ta ba takan bushe ta yi tauri.

Gane cutar kuwa ya fi komai sauƙi, shi ya sa sakaci a kansa ya fi zafi a zuciya. A bar inji ya kwana a tsaye, da safe a sa wani ɗan kwano mai tsabta a ƙarƙashi, a sassauta ƙusar ƙasa kaɗan. Ruwa ya fi mai nauyi, don haka idan ya shiga da yawa kuma ya sami dare ya kwanta, shi ne zai fara ɗigowa garau kafin mai ya biyo. Idan mai ya fito da kaurinsa, launin zuma ko ya ɗan yi duhu, to lafiya lau. Idan kuwa ya fito fari-fari kamar shayin da aka cika wa madara, ruwa ya gauraya da shi, sil ya mutu, ko kuwa washar ƙusa ta gaji. A yawancin injuna kan ƙusar nan akwai maganaɗisu, wanda aka sa don ya kama garin ƙarfe. A shafa shi tsakanin yatsu biyu, idan laushi aka ji babu abin damuwa, idan kuwa ɓarɓashi ne mai kaifi wanda ido ke iya rarrabewa, to ɓarna ta riga ta kai ga haƙora, magana ta wuce ta sil.

Akwai wani kuskure da ya kamata in yi gargaɗi a kansa a nan. Yawancin injunan da ake gauraya musu fetur da baƙin mai suna fitar da hayaƙinsu ne ta tsakiyar farfela, kuma ragowar man da bai ƙone ba yakan ɗigo ta nan baƙi ƙirin idan an jingine inji. Mutum ya gani ya firgita, ya je a karɓi kuɗinsa a kan gyaran da babu shi. Hanci yana raba gardama: wancan warin fetur da hayaƙi yake yi, man giya kuwa yana da nasa wari mai nauyi irin na farar wuta, wanda duk wanda ya taɓa shinshina shi ba ya mantawa.

Shi aikin sauya sil ɗin kansa ga yadda yake, kuma ina roƙon mai karatu wanda ba shi da jirgi ya yi haƙuri da ni, domin ba zan iya cewa abu yana da sauƙi ba tare da na nuna sauƙin nasa ba. Da fari a fito da inji tudu, a shimfiɗa buhu mai tsabta inda babu yashi, a zare wayoyin fulogi don kada inji ya tashi hannu yana kan farfela, a juye tsohon mai duka ta hanyar kwance ƙusar ƙasa da ta sama. Sa'an nan a miƙe 'yar ƙusar da ke riƙe da noti da filaya a zare ta, a sa guntun katako tsakanin fiffiken farfela da faifan da ke samanta don kada ta juya, a kwance noti da sifana, a zare farfela tare da washa mai kaurin da ke bayanta, a jera kowane abu a kan buhu bisa tartibin da ya fito. A nan ne za a ga zaren, a kankare shi. Kafin a taɓa tsohon sil, wajibi ne a tsaya a dube shi da kyau, a ga ta ina leɓensa ya fuskanta, har ma a ɗauki hotonsa da waya, domin kamfanoni sun saɓa wa juna a nan: waɗansu suna jera biyun suna duban waje ɗaya, waɗansu suna haɗa su baya da baya, wanda ya juya su kuwa ya yi aikin banza ko da sababbi ne fil. Ana fitar da tsohon ta hanyar huda ƙarfen gefensa a hankali, a ɗaura 'yar ƙusa a ciki a fizgo da filaya, tare da matuƙar kiyaye kada bakin ƙarfe ya karci sandar farfela ko bangon mazaunin sil, don karce guda a waɗannan wurare ya isa ya mai da yoyo na dindindin. Idan an fitar da biyun, a goge wurin tas, a shafa giris a leɓen sababbin, a zura su ɗaya bayan ɗaya, a ɗora guntun bututu wanda faɗinsa ya yi daidai da gefen sil, a riƙa bugawa sannu-sannu har ya zauna daram ba karkata. Gaggawa ita ce ke ɓata wannan aiki, ƙarfi kuma ba shi da wani amfani a cikinsa.

Zuba sabon mai ma yana da nasa ladabi, wanda da yawa suke saɓawa. Man giya mai lamba 90 ake sawa, ba baƙin man inji ba, kuma ta ramin ƙasa ake tura shi, inji yana tsaye, har sai ya ɓullo ta ramin sama; hikimar ita ce mai yana hawa yana korar iska, wanda kuwa ya ɗura ta sama zai ga kamar ya cika alhali iska ce ta tokare. Idan ya ɓullo sai a fara ɗaure ƙusar sama, sa'an nan a zare bakin robar man a yi maza a ɗaure ta ƙasa, kowacce da sabuwar washa. Wanda yake son yaƙini kafin ya zuba mai, sai ya haɗa famfon keke da ramin sama ya ba akwatin iska kaɗan, kada ya wuce abin da littafin injin ya iyakance, ya shafa ruwan sabulu a bakin sil da kan ƙusoshi, inda kumfa ta taso nan kafar take. Masu ƙera injunan nan sun yi wasiyya a sauya man giya duk bayan kimanin awa 100 na aiki, wanda ga mai jigilar kasuwanni bai fi 'yan makonni ba.

Amma kada wani ya karanta wannan ya ɗauka na ce kowa ya zama makanike. Ilimi yana da haddi, kuma sanin haddin yana cikin ilimin. Tafkin Kainji da na Volta duka suna da busassun itatuwa a tsaye ƙarƙashin ruwa, tun na dazukan da aka nutsar, kuma farfelar da ta daki kututture takan lanƙwasa sandarta ko da kaɗan ne. A juya sandar da hannu bayan an cire farfela, idan aka ga bakinta yana rawa, ko aka ji zare ya ci mata rami daidai inda leɓen sil ke zama, to ko sau nawa aka sa sabo ba zai daɗe ba, sai an kai wa gwani. Haka nan idan an ga ɓarɓashin ƙarfe, ko giya tana tsalle tana fita, ko kuma gwajin sabulu ya nuna yoyon daga sama yake ƙarƙashin famfon ruwa, wanda sai an sauke ƙafar inji gaba ɗaya. Wannan na ƙarshe mai jirgi mai natsuwa yana iya koyonsa a gaban wanda ya iya, ya kuma sauya robar famfon a tafiya ɗaya. Amma buɗe cikin giya, inda akwai waɗansu siraran faya-fayan ƙarfe da aka auna tazarar haƙora da su, wanda ɓatan ɗaya ko sauya masa wuri yake cinye giya sabuwa, wannan aikin masu sana'a ne, shiga cikinsa ba da sani ba kuwa shi ne karambani na haƙiƙa.

Sai maganar kaya, wadda a nan ne talaka ya fi cutuwa. A kasuwa akan sami sil na babur ko na injin ban ruwa wanda girmansa ya zo daidai, mai shago kuma ya ce duk ɗaya ne, ga shi da araha. Ba ɗaya ba ne. A cikin leɓen kowane sil akwai wata 'yar siririyar waya mai naɗi wadda ke matse shi jikin sanda, ta injin ruwa an yi ta da ƙarfen da ba ya tsatsa, ta tudu kuwa da zarar ta zauna cikin ruwa sai ta ci tsatsa ta tsinke, leɓe ya saki. Mai jirgin da ya san wannan zai tafi da lambar injinsa da tsohon sil a aljihu, ya nemi na ainihi ko da ya fi tsada, domin duk tsadarsa bai kai kuɗin haƙorin giya ɗaya ba, balle asarar kwanakin da jirgi zai yi a ɗaure iyali suna jiran cefane.

Na san za a ce wannan kira cire wa makanikai abinci ne daga baki, kuma ban raina wannan magana ba, don makanikan bakin ruwa mutane ne masu haƙƙi a kanmu, da yawansu sun koyi aikin da wahala ba tare da wata makaranta ba. Amma a duba da adalci. Makanike yana gari, ranar kasuwa ake samunsa, inji kuwa a tsibiri ko a tungar masunta yake kwana, tafiyar sa'o'i daga gare shi. Yoyon da ya fara ranar Talata ba zai jira kasuwar mako mai zuwa ba. Kuma mai jirgin da ya san cikin injinsa shi ne abokin cinikin kirki, don yakan kawo aiki da wuri tun yana gyaruwa, ya faɗi abin da ya gani daidai, ya biya lada da daɗin rai saboda ya san wahalar abin. Wanda ilimin mai jirgi zai rage wa samu shi ne kawai wanda dama da jahilcinsa yake ci, irin mai zuba baƙin man inji a giya ya karɓi kuɗin man giya, wannan kuwa ba mu da wani uzuri da za mu nema masa.

Malamanmu na fiƙihu ba su bar wannan babi ba. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda kusan kowane almajiri a ƙasar Hausa ya yi ta a gaban malaminsa, an ɗora wa masu sana'a lamunin kayan da aka ba su suka keɓanta da su, an kuma ɗauke wa mai jirgi lamunin abin da ya nutse, sai dai an hana shi kuɗin haya in bai isar da kaya inda aka yi alkawari ba. Masu sharhi sun bayyana cewa wannan rangwame na wanda bai yi ta'adi ko sakaci ba ne. To, ina tambaya, mutumin da ya ga mai fari-fari yana tsatsafowa a bayan farfelarsa, ya ce bari a yi wannan sawun tukuna, ya ɗebi mutane ya shiga tsakiyar ruwa da damina, giya ta ƙwace masa daidai lokacin da hadari ya haɗo, shin wannan za a kira shi marar sakaci? Jirgin da injinsa ya mutu cikin iska ba ya iya fuskantar igiyar ruwa da goshinsa, sai ya ba ta haƙarƙari, jirgi mai lodi kuwa idan igiya ta same shi ta gefe, sai abin da Allah Ya yi. Ƙaddara gaskiya ce, babu musulmin da ke musunta, amma ba a kafa hujja da ita a kan abin da aka ga alamarsa aka kau da kai.

Ba mu manta da musibar watan Mayu na 2021 ba, lokacin da jirgin da ya taso daga Lokon Minna ta jihar Neja zuwa Wara ta jihar Kebbi ya nutse da mutane fiye da 150, kaɗan ne suka tsira, Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Abin da aka danganta wannan da shi yawan lodi ne da tsufan jirgi, ba inji ba, kuma tun daga nan ake ta kira a kan rigar ruwa da hana tafiyar dare, kira ne mai kyau ƙwarai. Sai dai halin da ke sa a ƙara mutum goma a kan jirgin da ya cika, shi ne dai halin da ke sa a ƙi kwance farfela a duba bayanta, kuma gyaran hali yakan fi sauƙin farawa daga abin da ba ya bukatar izinin kowa, ba ya kuma cin kuɗi mai yawa.

Wani haƙƙi kuma da ake mantawa shi ne na ruwan kansa. Man da ke yoyo daga inji cikin kogin da muke sha muke alwala muke kamun kifi yake tafiya, haka nan tsohon man da aka juye, idan aka watsar a bakin gaɓa. A tara shi a galan a kai tudu nesa da ruwa, guntayen zaren da aka kankare kuma kada a mai da su inda suka fito.

Kirana na farko ga sarakunan ruwa ne da shugabannin ƙungiyoyin masu jirage, waɗanda maganarsu ta fi ta kowane jami'i tasiri a mashigi: su sanya duba man giya cikin sharuɗɗan ɗaukar fasinja, su kuma nemi makanike amintacce a biya shi ladansa ya zauna da matasan matuƙa yini guda, inji a kwance a gabansu, kowa ya cire sil ya mayar da hannunsa. Na biyu ga Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1997 mai hedkwata a Lakwaja, da Kwalejin Koyon Aikin Kifi ta Tarayya da ke Sabuwar Bussa, wadda take kusa da tafkin Kainji: littattafan da ke zuwa da injunan nan da harsunan Turai da na Japan ake buga su, galibin masu amfani da su a ruwayenmu kuwa Hausa suke ji, da yawa kuma ajami suka fi karantawa. A fitar da 'yar takarda mai hotuna, da boko da ajami, a raba a Yawuri da Wara da Malale da Baga, a kuma karanta ta a gidajen rediyo. Kai kuma ɗan'uwa mai jirgi, kada ka jira ko ɗaya daga cikinsu: gobe da asuba, kafin ka ɗauki kowa, sassauta ƙusar ƙasa ka ga launin man da zai fito.